Fatsar Ƙwaron Gashi a Gulbin Rima, Daga Gadar Kwalkwalawa Zuwa Gangare

Wanda ya fita daga cikin garin Sakkwato ya kama hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da ya wuce gidajen ƙarshe sai ƙasa ta sauka, fadama ta buɗe hagu da dama: fangalin shinkafa, albasa, tattasai, ga ƙarar injinan ban-ruwa ko'ina. Ta tsakiyar wannan fadama Gulbin Rima ya ratsa, daf da ƙauyen Kwalkwalawa. Nan na nufa a ƙarshen Fabrairu, bayan sallar asuba, a bayan ɗan kabu-kabu, da sandar fatsa mai gaɓa huɗu a kafaɗa da gwangwanin ƙwarin da na ɗaura da gashin tsuntsu.

Da gangan na zaɓi wannan lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan gulbin ja ne, laka ta cika shi, kifi ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa, ga kuma haɗari, domin a Satumban 2010 ambaliya ta yanke wannan hanya har sai da jirgi ake ƙetarawa zuwa jami'a. Daga Nuwamba ruwa ke fara kwantawa. A Disamba da Janairu sanyin hunturu kan kashe wa karfasa cin abinci, don idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 sai ta lafe. Fabrairu zuwa farkon Afrilu shi ne tsakiya: ruwa ya ja baya, ya washe, ya fara ɗumi, kifi ya taru a gurabe. Sai dai tsayin ruwan rani a nan ba na sama ba ne, na madatsar Goronyo ne, wadda aka gama ginawa a 1984 can gabas a kan wannan gulbi. Ranar da aka saki ruwa don manoman rani, sai ka tarar tudun yashin da ka tsaya jiya ya nutse, ruwan ya yi duhu, ya ƙara sanyi. Alamar tana gaɓa. Idan ka ga layin jiƙa sama da bakin ruwa, ruwa na sauka ke nan, ranar kamu ce. Idan kuwa busasshiyar ciyawa da kara suna ta wucewa a kan ruwa, yana hawa, a rage buri.

Kafin in haɗa sanda sai da na gangara wajen masunta da ke kwance komarsu, na yi sallama, na gai da dattijon cikinsu da Baba, na tambayi inda aka kafa taru da inda aka shimfiɗa mamari. Wannan ba ladabi kawai ba ne. Mamari doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a jere ƙarƙashin ruwa, wanda ya taka ta bai sani ba ya gamu da wahala. Kuma gulbi yana da masu shi. Baƙon da zai yawaita zuwa ya nemi Sarkin Ruwa ya yi masa ranka shi daɗe, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Bambancin wannan fatsa da wadda muka sani shi ne ba tana, ba dalma. Ƙugiya ce aka yi wa sutura da gashi da zare ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, ba ta da nauyin da za a jefa ta, don haka igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi. Sanda da igiya lamba gare su, kuma dole lambar ta zo ɗaya. Ana auna ƙafa 30 na farkon igiya: lamba 6 tana da nauyin giram 10 da ɗan kai, lamba 8 kusan giram 13 da rabi. Wanda ya sa igiya lamba 5 a sanda lamba 8 zai yi ta fama sandar ba ta lanƙwasa ba, igiyar ta zube a ƙafarsa. Ga wannan gulbi, mai sanda ɗaya ya nemi lamba 6 mai tsawon ƙafa 9. Mai hali ya ƙara lamba 8 saboda tarwaɗa da tsage. A faifan naɗi a fara sa zaren ajiya mai ɗaukar kilo 9, kamar mita 90, sannan babbar igiya mai iyo, sannan zaren gaba na lailon. Ba sai an sayi zaren gaba ba, ana ƙulla shi daga lailon na kasuwa mai kauri daban-daban: santimita 120 na mai kaurin milimita 0.50, santimita 60 na 0.40, 40 na 0.30, sai 50 na 0.22 a baki. Saukowar kaurin a hankali ita ke sa ƙarfin jifa ya bi zaren har ya miƙar da ƙwaro. A jiƙa kowane ƙulli da yawu kafin a ja shi, in ba haka ba gogayya ta ƙona lailon, ya tsinke daidai lokacin da kifi ya ɗauka.

Abu na farko a bakin ruwa gwaji ne. Na ɗaura farin ƙwaro na saka shi a gabana ina kallo har ya ɓace. Ya kai kamu ɗaya da ɗan ƙari kafin ya ɓata mini, wato ruwan ya isa a yi fatsar gani. Da a taƙi ɗaya ya ɓace, da sai in ajiye ƙananan ƙwari in koma baƙaƙe masu kauri, waɗanda kifi ke jin motsinsu ko bai gan su ba.

Sama da gada kaɗan akwai faffaɗan wuri marar zurfi, ruwa iya gwiwa, burugu ya yi layi a gefe, bado a lungu. Wurin karfasa ke nan, wadda wasu ke kira gargaza. Da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa ana ganin ramukan da namiji ke sharewa a yashi, zagaye, fari tas a tsakiyar ƙasa mai duhu. Karfasa ita ce mafi yawa a gulbin, ita ce kuma mafi wuyar yaudara, saboda yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun da take tacewa daga ruwa. Mai jan ciki ta fi saurin ɗauka, don tana cin ganye da ƙwari. Ƙwaron da ya dace ƙarami ne, ƙugiya lamba 12 ko 14: a naɗa siririyar wayar tagulla ta tsohon koyil sau takwas a jikin ƙugiya don ya nutse, a rufe da koren zaren ulu, a zagaya gashin zabo sau biyu a wuya. Ɗigo-ɗigon gashin zabo a cikin ruwa yana motsi kamar ƙafafun ƙwaro. A maƙala ɗan guntun totuwar kara a zaren gaba, nisan da ya kai zurfin ruwan, ya zama manuni.

Yadda ake kai mata shi ya fi ƙwaron muhimmanci. Ba a jefa shi a kanta. A sauke shi kamu biyu gaba da inda ta dosa, a bar shi ya nutse, kada a taɓa. Idan ta matso, a ja igiya tsawon yatsa ɗaya a tsaya. Ba ta fizga: tsotsa take yi ta tofar cikin ƙiftawar ido, totuwar ta ɗan karkata kawai. A nan ake ɗaga sanda a hankali, don bakinta laushi gare shi. Abin da ke ɓata kamun karfasa guda uku ne, kuma duk daga mai fatsa suke: inuwarsa ta faɗa kan ruwa, takunsa ya tura ƙananan raƙuman ruwa gaba, ko igiyar ta faɗo da ƙara. Da safe rana na gabas, sai a tsaya ta yadda inuwa za ta koma kan tudu. In an kama macen da bakinta ya kumbura, a duba, ƙwai ne ko 'ya'ya take goyo a ciki. A mayar da ita nan take. Ina ganin wannan wajibi ne, musamman a gulbin da ake tace shi da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, ba a barin ko ɗan yatsa.

Jifar kanta ba ta son ƙarfi. A zaro igiya kamar mita 8 a shimfiɗa gaba, kan sanda a ƙasa. A ɗaga a hankali, a ƙara sauri, a tsayar da sanda cak da zarar ta ɗan wuce kunne. A jira igiyar ta miƙe a baya. Sannan a turo gaba, a sake tsayarwa daidai tsayin goshi, a bi igiyar da sanda har ƙasa. In ka ji ƙara kamar ta bulala a bayanka, ba ka jira ba, kuma sau da yawa ƙwaron ya riga ya tsinke ya tafi. In igiya na dukan ƙasa a baya, wuyan hannu ne ya karye ya kai sanda can baya. In ƙulli na fitowa a zaren gaba, ka tura da ƙarfi tun farkon jifa maimakon ƙarshenta. A gulbin cikin gari kuma, kowace jifa sai an waiga. Yara suna taruwa a baya, masu wanki suna shanya, shanu suna gangarowa. Shi ya sa na fi amfani da jifar naɗi: a jawo igiya a kan ruwa har ta yi ciki a gefen kafaɗa, a buga gaba, ta mirgina ta miƙe ba tare da ta je baya ba. Mita 10 zuwa 12 take kaiwa, kuma ya isa. A matse kunnen kowace ƙugiya da filaya kafin a fara, don ko ta shiga fatar mutum ta fita ba yanka.

Inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, ƙasa da masu wankin babura, kawara ce ke fantsama a sama. Ita da shemani ba su da wuya, su ne kifin koyo. Fara ta roba, wato kwaikwayon ƙwaron fara, ake ba su: a yanko soson tsohon silifa faɗin milimita 5, tsawon santimita 3, a ɗaure shi gaɓa uku a kan ƙugiya lamba 10, a sa ƙafafu da zaren robar ƙugun wando, fiffike da gashin jar akuya. A jefa sama da inda suke, a bar ruwa ya kawo ta. Matsalar ita ce gudun tsakiya yakan kama cikin igiya ya ja farar ta riƙa tsaga ruwa, abin da fara ta gaske ba ta yi. Maganinsa, da igiya ta sauka a ɗaga ta da kan sanda a kifa cikinta ta wajen sama. Haƙoran kawara ƙanana ne amma suna cin lailon. Bayan kowane kifi biyu ko uku a shafa bakin zaren da yatsa, in ya yi kaushi a yanke a sake ƙulli.

Gadar ce wurin da na fi daɗewa. Ginshiƙanta suna matse ruwa ya yi gudu, bayan kowane ginshiƙi kuma akwai inda yake juyawa ya kwanta, ƙananan kifi su fake, tsage ya tsaya a bakin layin yana jiransu. Tsagen nan ba ya girma kamar na manyan kogunan kudancin Afirka, yawanci bai kai kilo ɗaya ba, amma haƙoransa masu shiga tsakanin juna suna datse lailon kowane iri. Dole a sa waya. Zaren gaba a gajarta shi: santimita 90 na 0.50, 90 na 0.40, sai waya mai laushi santimita 12 mai ɗaukar kilo 9 zuwa 13. A haɗa waya da lailon da ƙulli kai tsaye, kada a sa ƙarfen juyi mai ƙyalli, don wani tsagen zai bar ƙwaro ya kai wa ƙyallin cizo, a rasa duka.

Ƙwaron da ya fi yi masa shi ne Clouser, wanda Bob Clouser ya ƙirƙira a Amurka a 1987, kuma duk kayansa suna kasuwarmu. Ƙugiya lamba 2. A yanko ƙwallaye biyu daga sarƙar nan ta ƙananan ƙwallayen ƙarfe, a ɗaure su a bayan ƙugiya, sulusin tsawonta daga ido, a ɗiga gam. Nauyinsu ke kifar da ƙugiyar bakinta ya dubi sama, ta daina kama ƙasa. Farin gashin wutsiya a ciki, jan gashin gemun bunsuru ko koren gashin kanti na kitso a baya, da silin zare mai ƙyalli huɗu ko biyar. Tsawon duka santimita 7 zuwa 8. Kuskuren masu fara ɗauri shi ne cika gashi. Mai yawan gashi ba ya nutsewa, ba ya rawa. Wanda haske ke ratsawa shi ke kama kifi.

A jefa a ƙetare, a ɗan karkata gangare, a ƙirga biyar, a fara ja da hannu da sauri, kamu-kamu, kan sanda na kallon ruwa. In ba a samu ba a ƙirga goma, sannan goma sha biyar, har a gano zurfin da suke. Idan ya buga, kada a ɗaga sanda. Bakin tsage ƙashi ne, laushin sanda ba zai shigar da ƙugiya ba. A fizgi igiyar da hannu, da ƙarfi, sau biyu, sanda na miƙe. Zai yi tsalle yana kaɗa kai, a nan yawancinsu ke kuɓucewa. A kwantar da sanda gefe kusa da ruwa, kada igiya ta saki. Ko da an yi komai daidai, waɗanda ke tsira sun fi waɗanda ke zuwa hannu. A wasa bakin ƙugiya da ƙaramin magagari bayan kowane bugu, a canza waya in ta lanƙwashe, kuma filaya ce ke cire ƙugiya daga bakinsa, ba yatsa ba.

Da hantsi ya yi sai iska ta taso daga arewa maso gabas, ragowar hunturu. Mai jifa da dama, in iska na bugun kafaɗarsa ta dama, ƙugiya za ta zo ta kunnensa ko ƙeyarsa. Ko ya sake gaɓa, ko ya juya wa ruwa baya ya sauke jifar ta baya. Malfa da tabarau ba a cire su. Zafi kuma yana da nasa: igiyar da aka yi don ƙasashen sanyi, in rana ta kai digiri 40 kamar yadda take yi a nan a Afrilu, sai ta yi laushi ta riƙa manne wa zoben sanda tana cukurkuɗewa. Mai saye ya nemi wadda aka rubuta ta ƙasashen zafi ce. Kada a bar ta cikin mota a rufe, kada a zube ta kan yashi mai zafi.

Na bi gaɓa na gangara, na wuce masu ɗibar yashi, zuwa wata kwana inda ruwa ya ci gindin gaɓa ya yi gurbi mai duhu. Ramukan da masu yashi ke bari suna tara kifi, suna kuma halaka mutane, domin daga ruwa iya gwiwa sai a faɗa wanda ya shanye kai. Ba a shiga nan. Daga tudu ake jifa, da igiya mai nutsewa. Mai lambar nutsewa 3 tana sauka inci 3 a daƙiƙa, wato ƙirga ashirin ya kai ta mita ɗaya da rabi. Zaren gaba kada ya wuce mita ɗaya, in ya yi tsawo igiya na ƙasa ƙwaro na sama. Kurungu da ragon ruwa ne a ƙasan, kuma gaskiya tana ta fi ƙwaron gashi kama su, don da hanci da gashin baki suke kiwo. Duk da haka baƙin ƙwaro mai wutsiyar gashin kaza mai laushi, lamba 6, in ana jan sa a hankali yana taɓa ƙasa, yakan samu. Rabin abin da ƙugiya ke kamowa a nan leda ce da tsumma. Kurungu in ya fito yana gurnani, ƙayoyinsa uku a miƙe a kulle. A riƙe shi ta ciki, yatsu a bayan ƙayoyin gefe. In kuwa abin da ya taso mai santsi ne, mai taushin jiki da ɗigo-ɗigo, ba ƙaya a baya, minjirya ce. Babba tana iya sakin wuta kusan bolt 350. A yanke zare kawai.

Giwan ruwa, wanda ake alfahari da shi a gasar Argungu can gangaren wannan ruwa, ba kifin da za a sa rai da shi ba ne a nan kusa da gari. Raga ta yi yawa, zurfi ya yi kaɗan. Bargi kuma ana ganinsa yana tasowa shan iska, amma tace abinci yake yi daga laka, da wuya ya kula ƙwaro.

Bayan la'asar na dawo wani lungu da kainuwa ta rufe rabinsa, ruwan ban-ruwa na komowa cikinsa daga gonaki. Tarwaɗa na da abin shaƙar iska a kanta, shi ya sa take rayuwa a ruwan da wasu ba sa iyawa, kuma shi ke tona ta: takan taso ta buɗe baki ta koma, ta bar zobe da kumfa. Idonta ba shi da ƙarfi, motsi take ji. Don haka duk lallaɓawar da aka yi wa karfasa, a nan akasinta ake yi. Sanda lamba 8, lailon 0.40 har baki, ƙugiya mai kauri lamba 1/0, baƙin ƙwaro mai ƙaton kai na ulu. A buga shi kan ruwa da ƙara daidai inda ta taso, cikin daƙiƙa biyu ko uku kafin ta nutse, a ɗaga a sake bugawa, a karo na uku a bar shi ya sauka a hankali. Ɗaukarta nauyi ne kawai, igiya ta tsaya. A fizga da hannu, a hana ta kaiwa cikin ciyawa tun a jan farko, don in ta shiga burugu sai dai a haƙura. Rabin sa'ar da ke gaban magariba ta fi duk yinin albarka a kanta, amma kada a bari duhu ya rufe a fadama.

Maganar shiga ruwa: a wurare masu ciyawa da ruwa kwance ake samun ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ta fata take shiga. Wanda zai taka ruwa ya sa dogon takalmin roba, wanda zai kuma kare shi daga fasasshiyar kwalba. In fata ta jiƙe a goge ta da tawul nan da nan. Mai yawan zuwa gulbi ya riƙa gwajin fitsari a asibiti. Maganinta praziquantel, kuma ma'aikacin lafiya ne ke auna shi bisa nauyin mutum.

A gida, a jawo igiya ta cikin tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a ɗauraye, a shanya a inuwa. A buɗe faifan naɗi a kakkaɓe ƙura da yashi kafin a ɗiga mai, don mai a kan yashi cin ƙarfe yake. A bar gwangwanin ƙwari a buɗe ya kwana, in ba haka ba ƙugiyoyi su yi tsatsa a ƙarƙashin zare inda ido ba ya gani, su karye a bakin kifi. Wanda kuma zai ɗaura sababbi, ya tanadi na shinge, ƙwaron nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan sama, tun yanzu: ƙugiya lamba 12, jiki na zare mai ruwan ƙasa, fukafukai biyu na kan gashin wuyan zakara, tsawonsu ninki biyu na jiki. Yammacin da ya biyo ruwan farko mai ƙarfi, a Mayu ko Yuni, shinge kan fito ya zuba a gulbi, kawara da karfasa har da tarwaɗa su taso sama suna ɗauka. Kwanaki kaɗan ne kafin jan ruwa ya iso, don haka a ɗaura kamar guda goma sha biyu, a shafa musu ɗan man baselin a fukafukai don su yi iyo.